TUDUN WURNO DA DAJIN GUNDUMI: TARIHIN HANYA DA WURIN HANGE A GABASHIN SAKKWATO

1.0 Gabatarwa

A ƙasashen Turai da Amurka akwai wata al'ada wadda ta yi ƙarfi tun daga ƙarni na 19, watau a keɓe wani yanki na duwatsu ko na daji, a hana noma da farauta da saran itace a cikinsa, sa'an nan a fitar da 'yan turbobi na ƙafa, a kuma gyara wuraren tsayawa a bisa tsaunuka inda mutum zai hangi ƙasa ta miƙe a gabansa. Gandun Yellowstone na Amurka, wanda aka keɓe a 1872, shi aka fi ambata a matsayin mafarin wannan tsari. Mutum kan ɗauki sanda da gorar ruwa ya wuni yana tafiya a ciki, ba fatauci, ba ziyara, sai dai shan iska da kallon ikon Allah. A nan Nijeriya ma akwai irin waɗannan wurare, kamar gandun Yankari da aka buɗe wa jama'a a 1962, da na Gashaka-Gumti inda dutsen Chappal Waddi yake, wanda tsawonsa ya kai mita 2,419, ya kuwa fi kowane dutse tsawo a ƙasar nan.

Wanda ya san gabashin Sakkwato yana iya tambaya, me ya haɗa Wurno da Rabah da Goronyo da wannan zance, alhali kuwa babu wani dogon dutse a can? Amsa ita ce, abubuwa ukun da suka haɗu suka yi irin wancan gandu duk akwai su a wannan yanki. Akwai tudu wanda ake hange daga kansa, akwai daji keɓaɓɓe, akwai kuma hanyar da ta ratsa shi. Abin da ya bambanta shi ne dalilin da ya sa mutane suka hau tudun, da halin da suka bi hanyar a ciki. Manufar wannan maƙala ita ce a bi tarihin waɗannan abubuwa uku, a nuna cewa zaman lafiyar yankin ya daɗe yana rataye a kan dangantakar da ke tsakaninsu. Duk lokacin da aka sami ido a kan tudu da ƙafa a kan hanya, dajin yakan zama dukiya. In kuwa ido ya ɗauke, ƙafa ta ɗauke, sai ya koma mafakar miyagu.

2.0 Shimfiɗar ƙasa da kalmominta

Gulabe biyu ne suka tsara wannan yanki. Ta arewa akwai Gulbin Rima, wanda ya tattaro ruwan Bunsuru da Gagare da Gulbin Maraɗi, ya biyo ta Sabon Birni da Goronyo da Wurno. Ta kudu kuma akwai Gulbin Sakkwato, wanda ya taso daga wajen Funtuwa, ya ratso Gusau da Bakolori, ya biyo ta Rabah. Su biyun sun haɗu kusa da birnin Sakkwato. Wurno tana kimanin mil 20 arewa maso gabas da Sakkwato, Rabah ma kimanin haka ta gabas, Goronyo kuwa tana can gaba da Wurno a bakin Rima. Ƙasar da ke tsakanin gulaben nan biyu, in aka miƙa gabas har zuwa Isa, ita ce ake kira Dajin Gundumi.

Bahaushen wannan yanki ya raba ƙasarsa gida biyu, tudu da fadama, kuma kusan dukan rayuwarsa a kan wannan rabo take tafiya. A tudu yake gina gida, ya shuka gero da dawa da wake da damina. A fadama yake noman shinkafa, in ruwa ya janye kuma ya sa albasa da tafarnuwa da alkama. Tudun ma iri-iri ne. Akwai jigawa mai rairayi, akwai fako mai tauri wanda ruwa ba ya shigarsa, akwai kuma tsaunuka masu shimfiɗaɗɗen kai waɗanda marmara ta lulluɓe, kwazazzabai suka tsattsaga gefensu.

Haka nan harshen bai bar hanya da suna guda ba. Gwadabe shi ne babbar hanyar da ayari da rundunar yaƙi suke bi. Turba ita ce 'yar siririyar hanya wadda ƙafa ta fitar, ta gona ko ta rijiya ko ta ƙauye zuwa ƙauye. Burtali shi ne hanyar shanu da aka bari tsakanin gonaki, sau da yawa da shinge dama da hagu. Zango kuwa shi ne inda matafiya ke sauke kaya su kwana, kuma babu zango sai inda ruwa yake. Yawan waɗannan kalmomi shaida ne cewa mutanen nan matafiya ne tun asali, sun kuwa san bambancin hango wuri da isa gare shi, shi ya sa suka ce hangen Dala ba shiga birni ba.

3.0 Abin da ke cikin tudun

Kafin a zo kan tarihin mutane, ya kamata a ɗan dubi tarihin ƙasar kanta, domin shi ya haifar da tudun da dajin duka. Masana ilmin duwatsu sun nuna cewa ƙasar Sakkwato hawa-hawa take, shimfiɗa bisa shimfiɗa, kuma sun sa wa kowace shimfiɗa sunan garin da ta fi fitowa fili a cikinsa. Daga ƙasa zuwa sama akwai ta Gundumi, da ta Taloka, da ta Dukamaje, da ta Wurno, da ta Dange, da ta Kalambaina, da ta Gwandu. Saboda haka sunayen waɗannan garuruwa namu suna cikin littattafan ilmin ƙasa da ake karantawa a jami'o'in duniya, ko da yake galibin mazaunansu ba su da labari.

Shimfiɗar Gundumi, wadda ta fi tsufa, tsakuwa ce da rairayi da yumɓu waɗanda tsofaffin koguna suka zubar, har akan tsinci guntayen itace da suka rikiɗe suka zama dutse a cikinta. A irin wannan ƙasa ruwan sama kan nutse da sauri, da rani kuwa sai a yi tafiya mai nisa ba a tarar da tafki ba. Wannan na cikin dalilan da suka sa garuruwa suka jeru a bakin gulabe, aka bar tsakiya fayau. Shimfiɗun Taloka da Dukamaje da Wurno da ke bisanta kuwa, bisa binciken masanan, sun samu ne a lokacin da wani reshen teku ya ratso ta inda Sahara take a yau ya malale wannan yanki, kimanin shekaru miliyan 66 zuwa 70 da suka wuce. Farar ƙasar Kalambaina da ake yin siminti da ita tun 1967 ta samu ne a wani zuwan tekun na baya.

Babbar shaidar wannan teku ita ce ƙasusuwan da ake tsinta a jikin tsaunuka. A 1930 wani masani Baturen Ingila mai suna Swinton ya yi bayanin waɗansu ƙasusuwa da aka samo a Lardin Sakkwato. Daga baya waɗansu masana daga Jami'ar Fulorans ta Italiya suka zo suka tono ƙarin ƙasusuwa a yankin Goronyo, suka gane cewa na wata dabbar teku ce mai siffar ƙadangare, mai dogon baki kamar na kada, wadda irinta ya ƙare tuni. A 1972 suka raɗa mata suna Goronyosaurus, watau ƙadangaren Goronyo. Ashe ke nan wanda ya hau tsaunukan da ke wajen Taloka a kan gindin tsohuwar teku yake tafiya.

4.0 Ribaɗin Wurno

Tudun Wurno ya shiga tarihin mutane sosai ne a zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. An ci Alkalawa, babban birnin Gobir, a 1808, aka kafa Sakkwato a 1809, amma wannan bai kawo ƙarshen yaƙi ba. Gobirawa sun sāke haɗa ƙarfi, suna samun taimakon Katsinawan Maraɗi da waɗansu Abzinawa, kuma hanyarsu ta kawo hari ita ce kwarin Rima da dajin da ke kudu da shi. Da Bello ya karɓi mulki a 1817, sai ya tarar cewa cin birni abu guda ne, tsare ƙasar da ke kewaye da shi kuma wani abu ne dabam.

Dabarar da ya fito da ita ita ce ribaɗi. Kalmar Larabci ce, asalinta ɗaure dawaki a bakin iyaka cikin shirin ko-ta-kwana, kuma Bello ya rubuta littafi a kanta mai suna Al-Ribaɗ wal-Hirasa. A aikace, ribaɗi gari ne mai ganuwa wanda ake kafawa a wurin da abokan gaba suka saba biyowa, a zaunar da jama'a a ciki da iyalansu, su yi noma, su yi sana'a, su yi karatu, su kuma yi tsaro. Bello ya ƙarfafa wa Fulani makiyaya gwiwa su zauna a irin waɗannan garuruwa, su sa 'ya'yansu karatu, su riƙa kiwon dawaki saboda bukatar yaƙi. Hikimar abin ita ce, mai gadi na haya yana iya gudu, amma wanda gonarsa da 'ya'yansa ke wurin ba ya barinsa.

Da farko Bello ya zauna a Magariya, kusa da fadama, inda Baturen nan Clapperton ya same shi a 1826. A ƙarshen shekarun 1820 sai ya koma Wurno, ya gina ta a bisa wani tudu na dutsen rairayi wanda ya leƙa kwarin Rima. Tsawon tudun bai taka kara ya karya ba in an gwada shi da duwatsun Jos ko na Mambila, domin bai wuce ƙafa 100 da 'yan kai bisa fadama ba. Amma a ƙasar da ta shimfiɗu kamar faifai, wannan ya isa. Wanda ke bisa ganuwar Wurno yana ganin kwarin har ƙetare, da rani ƙurar dawaki kan tona asirin mahara tun suna nesa, da damina kuwa ruwan fadama kan zama wata ganuwar ta biyu. Ga kuma abinci a gindin gari. Watau tudun ya ba shi ido, fadamar ta ba shi ciki.

Wurno ba ita kaɗai ba ce. Bello ya jera waɗansu garuruwan ribaɗi a gefen dajin, kamar Rabah da Gandi a bakin Gulbin Sakkwato, da Shinaka a wajen Rima, da Isa a can gabas, ya kuma damƙa su a hannun 'ya'yansa, don kada a ce ya tura 'ya'yan wasu bakin wuta ya ɓoye nasa. Wanda ya zauna a Rabah, watau Abubakar, ya zama Sarkin Musulmi daga 1873 zuwa 1877, shi ne ake kira Atiku na Rabah, kuma shi ne kakan Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello, wanda aka haifa a garin, ya kuma riƙe shi a matsayin hakimi daga 1934. In mai karatu ya dubi taswira zai ga garuruwan nan sun yi wa Gundumi ƙawanya.

A 1836 Bello ya yi nasara a kan Gobirawa da mataimakansu a Gawakuke. Shekara guda bayan haka, a 1837, Allah ya yi masa rasuwa a Wurno, a can kuma aka rufe shi. Sarakunan Musulmi da dama daga zuriyar Shehu sun ci gaba da zama a garin, kamar Aliyu Babba, wanda ya yi mulki daga 1842 zuwa 1859, da Umaru ɗan Aliyu, wanda Joseph Thomson ya iske a can a 1885 yana neman yarjejeniyar ciniki a madadin wani kamfanin Ingila, da Abdurrahman wanda ya rasu a 1902. Hubbaren Bello ya sa Wurno ta zama wurin ziyara. Haka nan an san cewa a zamanin Nana Asma'u 'yar Shehu ƙungiyoyin mata da ake kira 'Yan Taru sukan taso daga ƙauyuka a ƙafa, jaji tana gaba da malfarta, su zo ɗaukar karatu su koma su koyar. Hanyar da ayarin mata tsofaffi da 'yan mata za su bi lami lafiya, lalle akwai mai tsaronta.

5.0 Ƙetare Gundumi

Duk da wannan ƙawanya, tsakiyar dajin ba ta shiga hannu ba. Gobirawan da suka tsira daga Gawakuke sun kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, daga can kuma suka ci gaba da kai hari. Matsalar ita ce gwadaben da ya haɗa Sakkwato da Zamfara da Katsina da Kano ta nan ya bi. Manzannin sarakunan gabas, da masu kawo gaisuwa, da fatake, da malamai, duk sai sun ratsa Gundumi, ko kuwa su yi dogon zagaye ta kudu.

Matafiya biyu daga Turai sun bar mana bayanin yadda ake wannan ƙetarawa. Clapperton, wanda aka sani a nan da sunan Abdullahi, ya ratsa dajin a 1824 tare da mahaya da Bello ya aiko su rako shi, ya kuma ba da labarin irin ƙishirwar da masu tafiya a ƙasa suka sha. Barth, Bajamushen da ake kira Abdulkarim, ya biyo ta Zurmi da Badarawa da sansanin Isa a 1853, ya shiga dajin tare da wani babban ayari. Bisa ga bayaninsa, sai da suka yi sa'a 26 suna tafiya ba su yada zango ba kafin su fita a Gawasu, inda ya tarar da Aliyu Babba ya yi sansani yana shirin fita yaƙi da Gobirawa.

Daga waɗannan bayanai ana iya gane ƙa'idojin hanyar. Ba a shiga sai an taru da yawa. Ana cika salka da gora a rijiyar ƙarshe. Ana tafiya dare da rana ba tsayawa, domin tsayawa na nufin ƙarewar ruwa ko faɗawa hannun mahara. Wanda ya gaji ya zauna, ayari ba ya jiransa. Wannan ita ce tafiyar daji kamar yadda kakanninmu suka san ta, kuma ba mamaki da harshen Hausa bai tanadi kalma ta musamman ba domin ratsa daji don nishaɗi kurum. Abin da ya tanada shi ne karin maganar nan, hanyar lafiya a bi ta da shekara.

Barth ya zauna a Wurno makonni a 1853, ya kuma sāke sauka a 1854 a kan hanyarsa ta dawowa daga Tambutu. Cikin abubuwan da ya lura da su akwai kasuwar garin, wadda take ci a wani fili a bakin ƙofa, an kewaye ta da gwalalo saboda tsoron kada mahara su auka wa 'yan kasuwa ba zato. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan batu, domin za a sāke cin karo da shi a gaba.

Abin lura a nan shi ne, rashin ruwa kaɗai bai isa ya bayyana faɗin Gundumi a wancan zamani ba. Yaƙi ne ya kore mutane daga gefunansa, ya tura su cikin garuruwa masu ganuwa. Da mutane suka janye sai sabara da geza da taramniya da marke suka rufe tsofaffin gonaki, namun daji suka yawaita, kurmin kuma ya ƙara ba mahara wurin ɓuya. Haka abin yake a wurare da dama na ƙasar Hausa a ƙarni na 19, kamar dajin Rubu da ke tsakanin Katsina da Zamfara. Dajin da yaƙi ya haifa, shi kuma yana renon yaƙi.

6.0 Zamanin Turawa da gandun daji

Ran 15 ga Maris 1903 sojan Ingila suka ci Sakkwato. Daga nan Sarakunan Musulmi suka tabbata a birnin Sakkwato, Wurno ta koma garin hakimi. Da aka shata iyaka tsakanin Ingila da Faransa, Tsibiri da Maraɗi suka faɗa ɓangaren Faransa, hare-haren da aka gina Wurno dominsu suka ƙare. Tudun ya rasa aikinsa na tsaro. Mutane suka fara fita daga cikin ganuwa suna kafa ƙauyuka da tungaye kusa da gonakinsu, suna sheme daji.

Hanyar ma ta rasa matsayinta. Jirgin ƙasa ya iso Ƙaurar Namoda a 1929, babbar hanyar mota kuma ta bi ta Talatar Mafara da Gusau zuwa Zariya. Gyaɗa da auduga da fata suka bi sabuwar hanya, tsohon gwadabe ya zama na masu jakuna da raƙuma da makiyaya.

A wannan zamani ne kalmar gandun daji ta shigo da sabuwar ma'ana. A da, gandu gona ce babba ta gida ko ta sarauta. Turawa suka kafa dokar daji a 1916, zamanin Gwamna Lugga, aka sāke ta a 1937, ta ba En'e ikon keɓe daji ta hana noma da sara da ƙuna a cikinsa, tare da barin waɗansu haƙƙoƙi ga mutanen kewaye, kamar bin hanya da tsintar busasshen itace da ɗiban 'ya'yan itatuwa. Abin da ya ƙara wa hukuma himma shi ne gargaɗin da wani masanin daji mai suna Stebbing ya yi a 1935 cewa hamada na matsowa kudu, har ya sa Ingila da Faransa suka naɗa kwamitin haɗin gwiwa ya zagaya bakin iyaka a 1936 zuwa 1937. Wuraren da suka fi sauƙin keɓewa kuwa su ne waɗanda babu kowa a ciki, saboda haka wani babban sashe na Gundumi ya zama gandun daji.

Wannan doka ta yi amfani, domin ta tsare itatuwa da ƙasa da makiyaya. Amma akwai bambanci tsakaninta da dabarar Bello. Shi Bello ya nemi tsare daji ta hanyar matso da mutane kusa da shi. Dokar gandu kuwa ta nemi tsare shi ta hanyar nisanta su. Tsaron ya koma hannun 'yan malaman daji da masu gadi, waɗanda ƙarfinsu ya dogara ga hakimi da dagaci da kotun alƙali. Muddin wannan tsari na tsaye, gandun na tsaye. Ba a kuwa yi tunanin fitar da turbobi ko wuraren hutawa don jama'a su shiga su gani ba, saboda haka talaka ya tashi da sanin cewa gandun daji wuri ne na hukuma inda ake kama mutum a ci shi tara.

7.0 Daga samun mulkin kai zuwa yau

Bayan 1960 abubuwa da dama sun taru a kan wannan yanki. Jama'a ta ƙaru, bukatar gona da itacen wuta ta ƙaru. Farin 1973 zuwa 1974 da na 1984 sun kashe dabbobi da itatuwa. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kawo ƙarshen tsarin En'e, kula da gandaye ya rarrabu tsakanin jiha da ƙananan hukumomi, masu gadi suka ragu, kayan aiki suka yi ƙaranci. Gonaki suka ci burtali a wurare da yawa, saɓani tsakanin manomi da makiyayi ya yi ta ƙaruwa.

A fadama kuma an sami babban sauyi. An kammala madatsar ruwa ta Goronyo a 1984, mai iya riƙe ruwa kimanin mita miliyan 942 na murabba'in zurfi, domin noman rani da ba birnin Sakkwato ruwan sha. Wanda ya tsaya a bisa bangonta a yau zai ga wani irin hange da Bello bai taɓa gani ba, ruwa iyakar ganin ido a ƙasar da aka sani da ƙishirwa. A watan Satumba na 2010 kuwa ambaliya ta malale kwarin Rima, ta cinye ƙauyuka da gonaki, har ta yanke hanyar shiga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. A ran nan mutanen fadama tudu suka nufa, kamar yadda kakanninsu suka yi a zamanin hare-hare.

Mafi muni shi ne abin da ya biyo baya. Ta'addancin 'yan bindiga da ya kunno kai a Zamfara tun wajen 2011 ya bi dazuzzuka ya shigo gabashin Sakkwato, Gundumi kuwa na cikin wuraren da suka yi sansani. A watan Yuli na 2018 aka kai hari Tabanni a ƙasar Rabah, aka kashe mutane fiye da 30, dubbai suka yi gudun hijira zuwa Gandi, watau ɗaya daga cikin garuruwan ribaɗin Bello. A watan Oktoba na 2021 aka auka wa kasuwar Goronyo tana tsakar ci, aka kashe fiye da mutum 40. Abin da gwalalon kasuwar Wurno yake tsoro a 1853 shi ya faru bayan shekara 168. A waɗannan shekaru matafiya da yawa sun ƙaurace wa hanyar da ta tashi daga Marnona ta ratsa Gundumi zuwa Isa, masu bin ta kuwa suka koma ga ƙa'idojin da, watau a taru da yawa, a nemi rakiya, kada a tsaya. Babur ya maye gurbin doki, bindiga ta maye gurbin mashi, amma taswirar ba ta sāke ba.

8.0 Kammalawa

An ga yadda tudun Wurno ya zama idon daula, da yadda Bello ya yi wa Gundumi ƙawanya da garuruwa, da yadda dokar gandu ta tsare itace amma ta raba jama'a da dajin, da kuma yadda raunin tsaro ya mai da shi gidan jiya. Darasin da ke ciki shi ne, dajin da mutanen kirki ba su shiga, wasu za su shige shi. Ƙasashen da suka fitar da turbobi a gandayensu nishaɗi suka nufa, amma sun sami wata riba bayan nishaɗin, domin gandun da dubban mutane ke bi kowace shekara yana da dubban idanu, yana kuma da masu kishinsa.

Babu mai hankalin da zai ce a tura 'yan makaranta yawo cikin Gundumi kafin a tabbatar da tsaro, wannan kuwa nauyi ne na hukuma. Amma akwai aikin da ba ya jiran wannan rana. Tsofaffin da suka san sunayen tsaunuka da rijiyoyi da zanguna da burtalai na wannan yanki suna ƙarewa, waɗansunsu ma suna zaman hijira a garuruwa, inda ake iya samunsu a ɗauki bayaninsu. Wannan aiki ne da ya dace da sassan Hausa da tarihi da ilmin ƙasa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu. Ya kamata kuma a shata abin da ya rage na ganuwar Wurno, a tsare wuraren da ake samun ƙasusuwan nan na tsohuwar teku, a sa labarinsu cikin littattafan makarantun firamare na yankin. In lokacin sāke tsara gandun ya zo, a zauna da manoma da makiyaya da maharba na kewaye, a ba su rabo a cikin amfaninsa da tsaronsa, kamar yadda mai Wurno ya yi tun kusan shekara 200 da suka wuce.

Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu a kan waɗannan hanyoyi, na da da na yanzu, ya kuma nuna mana lokacin da mutum zai tashi daga Rabah ya ratsa zuwa Isa shi kaɗai, ya tsaya inda ya ga dama ya huta.